Me ya sa reshen kaktus yake ruɓewa bayan dashe, kuma yaya ake yi ya kama?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na samo reshen kaktus a gidan wata ƙawata a nan Zariya, na dasa a tukunya da ƙasa mai taki, ina ba shi ruwa safe da yamma. Kafin mako biyu gindin ya yi baƙi ya narke. Na sake gwadawa, haka dai. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kulawar ce ta yi masa yawa. Abu uku kika haɗa masa a lokaci guda: ɗanyen miki, ƙasa mai riƙe ruwa, da ban ruwa kullum. Ko ɗaya daga cikinsu ya isa ya kashe shi, balle duka.

Mun saba da karan rogo, wanda ake sarewa yau a soka a danshi gobe ya tsiro. Kaktus ba haka yake ba. Jikinsa rumbun ruwa ne, kusan kashi tara cikin goma ruwa ne zalla, fatarsa kuma tana da kauri da santsi, ba ta barin ruwan ya tsere. Hatta ƙofofin numfashinsa da dare yake buɗe su, da rana a rufe suke. Shi ya sa reshen da aka yanke zai iya yin watanni a ajiye a kan tebur, ba ƙasa ba ruwa, bai mutu ba. Ƙishirwa ba ta cikin abin da ke barazana gare shi. Barazanar tana wurin da wuƙa ta bi: tsoka ce jiƙaƙƙiya a buɗe, ita kuwa ƙasa cike take da ƙwayoyin cuta masu jiran irin wannan ƙofa. Ruwan da kike zubawa kuma ba shi yake sha ba, tunda ba shi da saiwar sha. Ƙwayoyin cutar kike shayarwa.

Kafin komai, ki tabbatar da abin da ke hannunki. Ki ɗan soki jikin shukar da allura. In ruwa mai yauƙi ne garai-garai ya fito, galibi kaktus ne na gaske, wanda asalin danginsa nahiyar Amurka ce. In kuwa farin ruwa kamar madara ya tsattsafo, to galibi dangin ƙerana ne da tinya da aguwa, namu na gida, waɗanda suka yi kama da kaktus amma ba danginsu ɗaya ba. Dashen nasu kusan iri ɗaya ne, sai dai wannan farin ruwan guba ne. Yana ƙona fata, in ya shiga ido kuwa yana iya yin mummunar ɓarna. A sa safar hannu, a kawar da yara, kada a taɓa fuska. In tsautsayi ya sa ya fantsama a ido, a wanke da ruwa mai tsabta na minti 15 zuwa 20 ba tsayawa, sannan a tafi asibiti. Da an yanke reshen irin waɗannan, a tsoma bakin yankan a ruwan sanyi na ɗan lokaci har madarar ta daina zuba, domin in ta daskare a wurin tana toshe hanyar saiwa.

Lokacin yanka yana da muhimmanci a ƙasarmu fiye da yadda ake zato. Daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da marka ta kankama a Zariya, iska kanta jiƙe take, miki ba ya bushewa da wuri, ruɓa kuma ba ta da wuya. Ki kauce wa wannan lokaci in da hali. A tsakiyar hunturu, Disamba da Janairu, miki yana bushewa da kyau amma sanyin dare yana sa saiwa nawa, sai reshen ya zauna shiru har ki ɗauka ya mutu. Lokuta biyu suka fi: Oktoba zuwa Nuwamba bayan ɗaukewar ruwa, ko kuma a yanka a Fabrairu a dasa a Maris, yadda kafin ruwan farko ya sauka a watan Mayu ya riga ya kafa saiwa. Saiwa ta fi fita da sauri in zafin wurin yana tsakanin digiri 21 da 30. Zafin bazara yana wuce haka nesa, don haka dashen bazara sai a inuwa.

Wajen zaɓen abin yanka, ki nemi reshe lafiyayye, mai tauri, wanda ya kai aƙalla wata shida zuwa shekara, ba sabon toho mai laushi ba. Ki duba lungunan jikinsa da kyau, ko akwai wani farin abu mai auduga-auduga a maƙale. Ƙwari ne masu tsotsar ruwan shuka, in kika kawo su gida za su bi sauran tukwanenki. Wuƙa ta zama mai kaifi, wadda za ta yanke a bugu ɗaya. Dakusasshiyar wuƙa murƙushe tsokar take yi, wurin da ya murƙushe kuma nan ruɓa ke farawa. A goge ta da sifirit, ko a jiƙa ta a ruwan bilic, awo 1 na bilic cikin awo 9 na ruwa, ko a gasa bakinta a wuta a bari ta huce. Don riƙe reshe mai ƙaya, a naɗe tsohuwar jarida ninki huɗu ko biyar a zagaya shi da ita, ko a yi amfani da guntun kwali.

Yadda ake yankan ya danganta da siffar shukar. Mai faɗaɗɗen ganye, wanda ganye ke hawa kan ganye (a gaskiya kara ne ya baje, amma bari mu bi bakin jama'a), shi ya fi sauƙi. A yanke daidai gaɓa, inda ganyen ya haɗu da na ƙasansa, domin nan ne ya fi siranta, mikin kuma zai zama ƙarami. Wannan irin yana da wasu ƙananan ƙayoyi masu ƙaiƙayi a kowane ido, waɗanda da ƙyar ake ganinsu amma suna shiga fata su ƙi fita. In sun kama ki, kada ki sosa. Ki cire na cirewa da matsefata, sauran ki manna salatif a wurin ki fizge.

Mai zagaye da ke fitar da 'ya'ya a gindinsa ko a gefensa, shi ba ya ma bukatar wuƙa sau da yawa. In ɗan ya kai girman ƙwan zabo, a murɗa shi a hankali ya ɓalle. Wani lokaci za ki tarar ya riga ya fitar da 'yan saiwoyinsa.

Dogo mai tsayuwa kamar ginshiƙi shi ke bukatar natsuwa. A yanko tsawon santimita 15 zuwa 30 daga sama. In kika kalli fuskar yankan za ki ga wani zobe a tsakiya, ya ɗan bambanta da sauran tsokar a launi. Ta wannan zoben ruwa da abinci ke bi, kuma daga kewayensa saiwa mai ƙarfi take fita. Matsalar ita ce, in yankan ya fara bushewa, tsokar tsakiya tana shigewa ciki, fatar gefe mai tauri kuwa tana nan a inda take, sai gindin ya zama kwarmi. In aka dasa shi haka, zoben yana rataye sama bai taɓa ƙasa ba, danshi kuma yana taruwa a cikin kwarmin. Maganin wannan shi ne a fiƙe gefen tun yana ɗanye: a bi kewayen da wuƙa a karkace, a zare kamar santimita 1 zuwa 2 na fatar, a bar tsakiyar ta ɗan fito. In ta bushe ta ja baya sai ta dawo daidai da gefen. Ita kuma uwar da aka yanka a jikinta, a gyara kanta ya zama a karkace don kada ruwan sama ya kwanta a kai. Bayan 'yan watanni za ta fitar da sababbin kawuna biyu ko uku daga idanun da ke kusa da yankan.

In reshen dogo ne har kina son raba shi gunduwa-gunduwa, ki sa alama a kowane guntu tun kafin ki ajiye, wadda za ta nuna sama da ƙasa. Ɗigon alli ko biro ya isa. Guntun da aka dasa kai a ƙasa yakan ƙi yin saiwa, ko ya yi ta da ƙyar. In alamar ta ɓace miki, ki kwantar da shi a kan ƙasa, rubu'insa a binne. Zai yi saiwa ta ƙasa ya yi toho ta sama.

Yanzu ga abin da ya fi komai a cikin maganar: shanya. Bayan yanka, ana iya barbaɗa garin farar wuta a kan mikin, in babu a sa garin gawayi mai laushi ko busasshiyar toka kaɗan. Ba dole ba ne, amma yana taimakawa, musamman in akwai danshi a iska. Garin sa saiwa da ake sayarwa a shagunan kayan gona kuwa, ga kaktus ɓarnar kuɗi ce kawai. Sai a ajiye reshen a inuwa mai haske, inda iska ke ratsawa, kamar ƙarƙashin rumfa ko baranda, inda ruwan sama da raɓa ba sa kai wa. Ba a sa shi a leda, ba a rufe shi, ba a sa shi a rana. Dogo a jingina shi a tsaye, misali a cikin tukunyar da ba komai, domin in ya daɗe a kwance kansa zai lanƙwashe yana neman sama, saiwa kuma ta fara fita ta haƙarƙarinsa.

Ƙaramin ɗa ko siririn reshe yana bushewa cikin kwana 3 zuwa 7. Faɗaɗɗen ganye yana son kwana 7 zuwa 14. Dogo mai kaurin damtse yana cin mako 2 zuwa 4, wani ma ya fi. A hunturu lokacin yana raguwa, da damina yana iya ninkawa. Kada ki dogara da lissafin kwanaki kawai, ki sa yatsa. Mikin da ya warke yana yin ɓawo mai tauri, fari-fari ko ruwan toka, ba ya danƙo, ba ya sanyi, ba ya lotsawa in an danna. In kina shakka ki ƙara masa mako guda. Wuce lokaci a shanya ba ya kashe kaktus, iyaka ya ɗan yamutse.

Sai ƙasa. Wadda kika yi amfani da ita, mai taki, ta dace da alayyahu da tumatir. Kaktus yana son ƙasar da ruwa zai ratsa ya wuce nan take. Ki haɗa kwano 2 na yashin rafi mai tsakuwa-tsakuwa, kwano 1 na burji ko dakakken jan bulo mai girman ƙwayar masara, da kwano 1 na ƙasar lambu mara yumɓu. In kina da gawayi, ki farfasa cikin hannu ɗaya ki zuba. Yashin a tankaɗe shi a zubar da ƙurar, domin lallausan rairayi in ya jiƙe yana danƙarewa ya toshe iska, ya zama bai fi laka ba. Ɗanyen taki, kashin kaji ko na shanu, kada ya kusanci tukunyar a wannan mataki. Gwajin mai sauƙi ne: ki jiƙa ɗan kaɗan ki dunƙule a hannu. In ya wargaje da kin buɗe hannun, ya yi. In ya tsaya a dunƙule, ƙara yashi.

Tukunyar ƙasa ta fi ta roba, saboda tana shan danshi ta jikinta, ba ta kuma ɗaukar zafi kamar baƙar roba. Kowace ce dai, dole ta kasance da huji a gindi. Kuma ta zama ƙarama, wadda faɗinta bai wuce na reshen da santimita 3 zuwa 4 ba. Babbar tukunya tana riƙe jiƙaƙƙiyar ƙasa mai yawa wadda babu saiwar da za ta shanye. Ki ɗora ta a kan bulo ko dutse, kada ta zauna a ƙasa, don gara ba ta raina huji.

A dasa a busasshiyar ƙasa. Ɗan zagayayye a ɗora shi kawai a kai a ɗan danna. Dogo a binne santimita 3 zuwa 5, a tokare shi da duwatsu ko a ɗaure a jikin sanda. Faɗaɗɗen ganye a binne kashi ɗaya cikin uku a tsaye. Zurfafa dashe don reshen ya tsaya da kansa kuskure ne da ake yawan yi: duk abin da aka binne na koren jiki fiye da wannan kima, abincin ruɓa ne. Gara a tokare. Kuma tokarar ta yi ƙarfi, domin sabuwar saiwa siririya ce, iska ta kaɗa reshen ta tsinke.

Daga nan sai a ɗauke hannu. Kwana 10 zuwa 14 na farko ba ruwa ko ɗigo. Bayan haka a ɗan jiƙa gefen tukunyar, kamar cokali 2 ko 3 ga ƙaramar tukunya, nesa da jikin reshen, sau ɗaya a mako, don ɗan danshin ya jawo saiwa. A ajiye a inda yake samun ranar safe ta awa ɗaya ko biyu kawai. Mutane na ganin tunda shukar hamada ce sai a kai ta tsakiyar rana. Wadda ke da saiwa ce take jure wannan. Mara saiwa in ranar Afrilu ta doke ta, jikinta yana yin fari ko ruwan ɗorawa ta ɓangaren da ranar ta bi, tabon kuma ba ya gogewa har abada.

Faɗaɗɗen ganye yakan yi saiwa cikin mako 3 zuwa 6, dogo kuwa wata 1 zuwa 3. Kada a riƙa tumɓukewa ana leƙawa. Bayan wata guda a ɗan ja shi sama a hankali. In ya riƙe ƙasa, ya kama. Wata alamar ita ce jikin da ya yamutse ya sake cikowa, ko kan ya fitar da sabon kore mai sheƙi. Daga lokacin sai a koma ban ruwa na sosai: a zuba har ya fito ta huji, sannan a bari ƙasar ta bushe ƙurmus kafin a sake. A soka tsinke har ƙasan tukunya, in ya fito da danshi a jira. Da bazara wannan yana iya zama kowane kwana 7 zuwa 10, da hunturu kowane mako 3. Da damina a janye tukunyar ƙarƙashin rumfa. Fitar da shi rana kuma a hankali ake yi, ana ƙara awa guda duk bayan kwana biyu ko uku. Taki sai bayan wata 3, shi ma kaɗan, rubu'in abin da za ki ba wata shuka.

In duk da haka gindi ya fara laushi ko baƙi ko wari, ba a makara ba matuƙar sama na da tauri. A ciro shi, a yanke ruɓaɓɓen, a ci gaba da yankawa sama yanki-yanki har sai fuskar ta fito fes. A lura da zoben nan na tsakiya, domin ruɓa tana bin cikinsa ta riga sauran tsokar hawa. In akwai ɗigon ja-ja ko ruwan ƙasa a jikinsa, a ƙara yankewa. A goge wuƙar da sifirit bayan kowane yanka, in ba haka ba da hannunki kike kai cutar gaba. Sai a koma shanya daga farko, a zubar da tsohuwar ƙasar, a wanke tukunyar. Yamutsewa ba tare da laushi ba kuwa ba ciwo ba ne, reshen yana cin guzurinsa ne kafin saiwa ta fito, kuma a nan ne mutane da yawa ke tsorata su kwarara ruwa. Sabon toho siriri, fari-fari, mai miƙewa kamar zare, alamar ƙarancin haske ce. Farin ƙwaron nan mai auduga a goge shi da auduga da sifirit, a sake dubawa bayan mako.

Akwai iri biyu da wannan bayani bai hau kansu daidai ba. Na farko shi ne ɗan ƙaramin nan mai jan kai ko rawaya ko ruwan hoda da masu sayar da furanni ke kawowa, a ɗore bisa koren kara mai kusurwa uku. Shuka biyu ce aka aura. Kan mai launi ba shi da koren sinadarin da shuka ke haɗa abinci da shi, don haka in kika ɓalle ɗansa kika dasa a ƙasa, yunwa za ta kashe shi komai ƙwarewarki. Sai dai a sake aura shi: a yanke kan wani koren kara a miƙe, a yanke gindin ɗan, a haɗa su nan take tun suna ɗanye yadda zobensu zai haɗu ko da ta gefe ɗaya, a ɗaure da robar kuɗi na kwana 10 zuwa 14. A nan kaɗai ne ba a shanya. Na biyu shi ne fitaya, wanda 'yan kasuwa ke kira diragon furut. Shi kaktus ne mai hawa, asalinsa wurare masu ɗan danshi, don haka yana son ƙasa mai ruɓaɓɓen taki da ruwa fiye da sauran. Ana yanko santimita 30 zuwa 40, a shanya kwana 5 zuwa 7, a binne santimita 5, a ɗaure a jikin ginshiƙi mai ƙarfi. Na yanka yana iya fara 'ya'ya cikin shekara ɗaya zuwa biyu, na iri kuwa yana ɗaukar shekaru.

In nufinki ya wuce tukunya, wato shinge ko abincin dabbobi, mai faɗaɗɗen ganye mara ƙaya ake nema, irin wanda ake nomawa a Maroko da Tunisiya da yankin Tigray na Habasha da arewa maso gabashin Brazil. Ana shanya ganyen a inuwa mako biyu, a dasa a kan kunya don ruwa kada ya kwanta a gindi, mita 1 tsakanin layi da layi, rabin mita tsakanin ganye da ganye, faffaɗar fuskar tana kallon gabas da yamma. A killace shekarar farko, in ba haka ba awaki za su gama da shi kafin ya tashi. In an fara ba dabbobi, a haɗa da harawa ko dusa, domin shi kaɗai ruwa ya yi masa yawa, yana sa su zawo. Mai ƙayan kuwa a yi hattara da inda ake zubar da guntayensa, don kowane ganye da ya faɗi a ƙasa shuka ce. A Ostireliya wannan iri ya mamaye kusan hekta miliyan 24 a shekarun 1920, sai da aka kawo wani ƙwaro daga Ajantina aka sake shi a 1926 kafin aka shawo kansa. Abin da kika sassabe ba ki so, ki shanya shi a kan siminti ko kwano har ya bushe ki ƙone, kada ki jefa shi a bola ko bakin rafi.